Azara Goma Sha Bakwai

Ranar da aka sauko da gadon Bi Mwatima daga bene, ba wanda ya ce mata an raba ta da ɗakinta. Cewa aka yi za a ɗan yi gyara.

Maza biyu ne suka kinkimo gadon, suna saukowa da shi a karkace saboda ƙuncin matakala, ita kuma tana biye da akwatinta a ka, tana cewa su yi a hankali kada su karce bango. Shekara sittin da wani abu tana kwana a ɗakin nan na kusurwar gabas, mai dogayen tagogi biyu da ke kallon gonar kanumfari har inda teku ke ƙyalli. A gidan aka haife ta. Uwarta ta yi wa gidan aiki, kakarta ma haka. Ita ce kuma ta goyi Hilal, wanda ya gaji gidan yanzu, ya dawo tsibirin Pemba da matarsa Zuwena da niyyar mayar da shi masaukin baƙi.

"Na kwana biyu ne, Bibi," in ji Hilal, wanda haka yake kiranta, wato kaka, yana tsaye a gindin matakala yana danna waya. "Da an gama aiki za ki koma. Kuma ai kin huta da hawa da sauka, gwiwoyin nan naki."

"Gwiwoyina sun kawo maka ƙara ne?"

Ya yi dariya, bai ɗago kai ba.

Ɗakin da aka kai ta a ƙasa yake, inda a da ake jibge buhunan kanumfari. Bangonsa na dutsen teku ne da farar ƙasa, kaurinsa ya kai tsawon hannu. Ba shi da taga, sai wasu tsagogi uku can sama, kowace faɗin tafin hannu. Dogo ne siriri kamar duk ɗakunan gidan, domin magina na da ba su iya faɗaɗa ɗaki ya wuce tsawon azarar da ake sarowa a fadamar bakin teku. Da ta kwanta ta ɗaga ido sai ta ƙirga su, ko da yake ta san adadinsu tun tana yarinya. Goma sha bakwai ne. A kansu aka shimfiɗa duwatsu da farar ƙasa, a kan wannan kuma daɓen tsohon ɗakinta yake.

Ta sa ƙaramin rediyonta a alkukin bango, ta rataye tasbaharta a ƙusa.

A sati na biyu aka kawo siminti. Wani magini ne daga garin Wete, Makame, mai baki kamar reza, shi Zuwena ta ɗauko. Bi Mwatima tana zaune a dakalin ƙofar gida tana kankare kwakwa ta ga yana yaɓa wa bangon waje siminti, tun daga ƙasa har sama. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kai, ɗan nan, me kake yi wa bangon?"

"Riga nake sa masa, Bibi. Ya daɗe tsirara."

"Bangon nan numfashi yake yi. Yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. In ka toshe shi da wannan abin, ruwan ta ina zai fita?"

Makame ya juya ga abokan aikinsa. "Kun ji fa! Ashe muna da injiniya a gidan ba mu sani ba. Bibi, a wace jami'a kika yi karatun?"

"A wadda uwarka ta yanke maka cibiya. Kafin a haifi ubanka nake shafe bangon nan."

Suka kwashe da dariya, har da tafi. Aikin dai bai tsaya ba.

Gaskiya ta faɗa. Duk shekara, kafin ruwan farko, ita ce ke zagaya gidan da doguwar sanda tana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Mai lafiya takan amsa da ƙara mai kaifi. Wadda ruwa ya fara ci takan amsa a dushe, kamar an bugi kabewa. A bayan madafa kuma akwai raminta na farar ƙasa. A can ake zuba dutsen tekun da aka ƙona, a kwarara masa ruwa, a rufe da ganyen kwakwa, a bar shi wata shida har ya yi laushi kamar man kwakwa da ya daskare. Da ita ake liƙe tsagar rufi, da ita ake shafe bango. Uwarta ce ta koya mata, ita kuwa ba ta samu wanda ya tsaya ya koya ba.

Ramin ma bai tsira ba. Zuwena ta ce kada ɗan wani Bature ya faɗa ciki a shiga uku, aka cike shi da ƙasa aka dasa furanni. Indararon da ke zubar da ruwan rufi su ma aka toshe guda huɗu, wai suna ɓata fuskar gidan a hoto. Sai kuma wata rana da hantsi maza shida suka hau bene da wani farin bahon wanka na ƙarfe, suna nishi. Bi Mwatima tana daga ƙasa tana jin sawunsu a kanta. Ta ji inda suka dire shi. Daidai tsakiyar ɗakinta ne.

Da la'asar ta tare Hilal a baranda.

"Mwanangu," ta ce, kamar yadda take kiransa tun yana goye, wato ɗana. "An huda daɓen sama an sa bututun ruwa. Daɓen nan ba a yi shi don ruwa ba."

"An sa tayil, Bibi. Ko ɗigo ba zai wuce ba."

"To yaushe zan koma ɗakina?"

Ya sosa ƙeya. "Bari mu ga yadda baƙin farko za su yi."

Baƙi suka fara zuwa, suka kuma ji daɗin gidan. Hilal kan sa farar riga da hula ya zagaya da su. Ya nuna musu babbar ƙofa mai sassaƙar furanni da ƙusoshin tagulla, ya nuna musu tsakar gida da barandar da ke kewaye da ita a sama, ya nuna musu yadda aka jera tagogi fuska da fuska don iskar teku ta ratsa. Duk abin da yake faɗa daga bakinta ya ji shi yana yaro. Daga ƙarshe sai ya sassauta murya ya kawo su ƙofar ɗakinta, ya ce a nan ake kulle bayi.

Ba a taɓa kulle kowa a ɗakin ba sai kanumfari. Bayin gidan a bukkoki suka zauna, can gangare, inda yanzu rogo ya rufe. Kakarta ta nuna mata wurin. Ta faɗa wa Hilal haka, ya ce, "Bibi, baƙi ba za su gangara cikin rogo su kalli ciyawa ba."

Da farko Zuwena kan sa ta fita kafin su iso. Sai Bi Mwatima ta kwashe rediyo da bokitin roba da maganin sauro, ta tura ƙarƙashin gado, ta je ta zauna bayan madafa har su gama. Amma wata rana ruwa ya tsare ta a ciki, baƙin suka same ta zaune a bakin gado cikin duhu, lulluɓe da zane. Wata mata ta dafe ƙirji, ta ɗauki hoto, har da hawaye. Da yamma Zuwena ta leƙo da fara'ar da ba a saba gani ba.

"Bi Mwatima, daga yau ba sai kin fita ba. Ki yi zamanki kawai. Kada dai ki kunna rediyon."

"In yi zamana in yi me?"

"Ba komai. Zama ma aiki ne? Wasu nema suke yi."

Haka ta koma zama. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe za a turo ƙofa, haske ya faɗo mata a fuska, mutane su tsaya suna kallonta suna magana ƙasa-ƙasa da harshen da ba ta ji. A gabansu Hilal ba ya gaishe ta. Yakan nuna ta da hannu kamar yadda yake nuna ƙofar tagulla. In sun tafi sai shiru ya dawo. Masu aikin da aka ɗauko daga gari ba su san ta ba, sukan ajiye mata shinkafa da romon kifi a bakin ƙofa su wuce. Akwai ranar da ta lura tun safe ba ta yi magana da kowa ba sai ƙadangaren da ke leƙowa ta tsagar bango.

Damina ta kankama. Bangon da aka sa wa riga ya rasa ta inda zai fitar da ruwa, sai ya juyo da shi ciki. Ya fara gumi. Wani baƙin tabo ya fito a kusurwa ya yi ta yaɗuwa, tabarmar sallarta ta yi funfuna, ashana ta daina kamawa. Tari ya kama ta, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. Duk lokacin da baƙon sama ya saki ruwan baho, takan ji shi yana gudu a bututu, bayan ɗan lokaci kuma sai ɗigo ya fara sauka daga tsakanin azara ta takwas da ta tara. Ta sa kwano a wurin.

Wata safiya ta ɗauko sandarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai na farko suka amsa da kyau. Ta takwas ta amsa a dushe. Ta tara ba ta amsa ba sam. Ta jawo akwati ta hau, ta soka wuƙar kankare kwakwa a inda azarar ta shiga bango. Wuƙar ta nutse har ƙota, kamar a dafaffen rogo.

Ta sami Hilal yana shan gahawa a baranda, ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa ɓarɓashin itacen, baƙi, jiƙe.

"Azara biyu sun mutu, ta goma ma ta kama hanya. Ka hana wanka a ɗakin nan, ka sa a sauke bahon."

"Subhanallahi. To, za a duba. Bari damina ta wuce, yanzu ba magini da zai taɓa rufi cikin ruwa."

"Rufin ba zai jira damina ta wuce ba."

"Bibi, gidan nan ya shekara ɗari da hamsin a tsaye. Sai a wannan watan zai faɗi?"

"Ya shekara ɗari da hamsin ne don ana jin maganarsa."

Zuwena ta fito daga ciki tana gyara mayafi. "Wai me ake ciki? Ɗakin sama fa an kama shi har ƙarshen wata. Mu ce wa mutane kada su yi wanka saboda tsohuwa ta yi mafarki?"

"To ku mayar da ni wani ɗakin. Ko madafa ce."

"Madafa kuma? Ki yi ta yi mana tari a kan abincin baƙi? Ni fa ban gane ba. Ci kyauta, kwana kyauta, ba a sa ki ko shara. In ɗakin bai yi miki ba, ai ƙofa a buɗe take, ki tafi wurin danginki."

Ta san sarai Bi Mwatima ba ta da kowa. Danginta duka suna kwance a maƙabartar da ke bayan itatuwan kanumfari. Tsohuwar ta dubi Hilal. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya ɗan kofinsa, kamar a cikinsa aka rubuta amsar.

"Za a duba, Bibi," ya ce. "Bayan damina."

Da ta ga haka sai ta gangara gona da kanta, tana tafiya tana hutawa, ta jawo wani busasshen reshen kanumfari mai baki biyu. Yini guda ta yi tana fama kafin ta tokare azara ta tara da shi. Kwana biyu ya yi a wurin. A rana ta uku Zuwena ta gani ta sa aka cire.

"Wannan ai sai baƙi su ɗauka gidan zai rushe. Kuma yana tare hoto."

"Tabon bangon fa? Shi ba ya tare hoto?"

"Shi suna son sa haka. Yana nuna tsufa."

Tarin ya ƙaru. Ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu. Ta ja gadonta zuwa ƙarshen ɗakin, ƙarƙashin azara ta ɗaya da ta biyu, ta daina ƙirga kwanaki, sai ɗigo. Wani lokaci takan tuna tagoginta na sama, da yadda a irin wannan watan ƙanshin ɗanyen kanumfari kan shigo da iskar safe. Yanzu wasu ne ke shaƙarsa, suna kwance cikin ruwa a kanta.

Ranar wata Talata, da hantsi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sannan ya ɗauke. Tana jin baƙon sama ya buɗe famfo yana cika baho. Ƙarfe goma sha ɗaya Hilal ya turo ƙofa da baƙi biyar, cikinsu har da wata mata mai riƙe da hannun 'yarta ƙarama. Suka shigo har tsakiyar ɗakin. Hilal ya sassauta murya ya fara labarinsa.

Sai Bi Mwatima ta ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya tsinke. Garin farar ƙasa ya zubo siriri a kan gashin yarinyar.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizgi sandarta ta yi kansu tana ihu, "Ku fita! Ku fita, na ce!" Ta ture uwar, ta finciki yarinyar ta jefa ta waje, ta kai wa wani dogon Bature duka a gadon baya. Suka yi waje suna tuntuɓe, yarinyar na tsala kuka. Hilal ya bi su yana ba da haƙuri da harshensu.

Zuwena ta iso a guje, fuskarta kamar za ta fashe.

"Kin haukace ne? Kin san su waye waɗannan?"

"Rufin zai..." Tari ya sarƙe ta.

"Rufin, rufin! Mun gaji! Koma ciki, kada in sake ganin ƙeyarki sai sun tafi." Ta tura ta ciki, ta ja ƙofar, ta zura sakata ta waje.

Bi Mwatima ba ta buga ƙofar ba, ta san ba mai buɗewa. Ba ta kuma koma gado ba. Ta san gidan. Ta san cewa a duk ɗakin ba inda ya kai bakin ƙofa ƙarfi, inda kaurin bango ya yi rumfa a kan mai tsayuwa. Ta lafe a nan, bayanta manne da ƙyauren, ta ja ƙafafunta iya yadda tsufa ya bari, tana salati. Ƙafar hagu ce ta ƙi lanƙwasuwa.

Azara ta tara ce ta fara tafiya, sauran suka bi ta.

Baƙon sama Allah ya taimake shi, ya fita ɗauko tawul. Shi aka fara rarrashi, aka ba shi ruwan kwakwa, aka sauya masa ɗaki. Sai da ƙura ta lafa wata mai wanke-wanke ta ce, "Wai ina tsohuwar nan?" Sannan aka tuna da sakata.

Kwana tara ta yi a asibiti kafin wani daga gidan ya zo. An yanke ƙafar daga gwiwa. Gadonta na jikin bango, matan da ke kusa da ita kowace da masu jinyarta, ana kawo musu shayi da mandazi, irin fanken can, su ɗan tsakura mata. In an tambaye ta ina 'ya'yanta, sai ta ce suna da baƙi.

A rana ta goma, bayan azahar, sai ga Hilal da ƙunshin halwa, alewar can, a hannu. Ya durƙusa a gefen gadon kamar yadda yake yi yana yaro.

"Shikamoo, Bibi," ya ce, irin gaisuwar da yaro ke yi wa babba.

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta amsa gaisuwar. "Marahaba."

"Wallahi abubuwa ne suka yi yawa. Zuwena ma tana gaishe ki, ta so zuwa, kanta ke ciwo. Ƙaddara ce, Bibi, ba wanda ya isa ya kauce mata. Shi Makamen nan ma ashe bai san aikinsa ba." Ya ajiye halwar a kan akwatin gefen gado. "Matar nan mai yarinya ta bar miki gaisuwa. Ta ce ke jaruma ce."

Bi Mwatima ta kalli halwar, ba ta taɓa ta ba.

Ya gyara durƙuso. "An kawo wani injiniya daga tsibirin Unguja ya duba gidan. Ya ce sai an kankare simintin nan duka, a buɗe indararo, a mayar da farar ƙasa irin ta da. Wai ba ta buhu ba, wadda aka jiƙa ta kwana a rami. Mun tambaya har garin Chake, an ce masu yin ta sun mutu. Shi ne na ce ai Bibi ta sani. Nawa ake zuba ruwa, nawa ake sa yashi, da wane itace ake ƙona dutsen? Ga takarda na zo da ita, ki faɗa in rubuta."

Har ya cire murfin biro. Ta dubi takardar, ta dubi inda zanen gado ya kwanta shafal a wurin da ƙafarta take a da. Tun da ya shigo bai kalli wurin ba.

"In an gyara," ta ce a hankali, "wane ɗaki zan koma?"

"Ai... za a san yadda za a yi."

"Ɗakina na sama?"

Ya yi ɗan murmushi, irin na mai lallashin yaro. "Haba Bibi. Yanzu da wace ƙafar za ki hau bene?"

Matar da ke gadon kusa ta daina tauna mandazinta. Bi Mwatima ta lumshe ido. Ta ga ramin bayan madafa, da hannun uwarta fari fat har gwiwar hannu, da yadda ake sanin farar ƙasa ta nuna in an yanka ta da wuƙa ta tsaya ba ta zube ba. Duk yana nan a kanta, ba abin da ya ɓace. A duk tsibirin ba wani kan da yake ciki sai nata.

"Bibi? Ina jin ki."

"Za a duba, mwanangu," ta ce. "Bayan damina."

Ta juya fuskarta bango. Ya ɗan jima a durƙushe, ya kira ta sau biyu, sannan ta ji ƙarar takalmansa suna nisa. Halwar na nan inda ya ajiye ta, ƙudaje sun fara sauka.

Da ɗakin ya yi shiru sai ta fito da hannu daga cikin zane, ta ƙwanƙwasa bangon asibitin da bayan yatsa, sau biyu, kamar yadda ta saba. Siminti ne. Bai amsa mata ba.